Ɓarayi Biyu a Lambun Nomau

A lambun da Nomau ya bar mini,
can gaɓar kogi, gangaren Yantala,
ɓarayi biyu ke zuwa, kowa da koriyar riga.
Shekara shida ina kaɗa musu gwangwani,
har na san halinsu fiye da na wasu dangina na Adar.

Tsirya ke yin sammako.
In ka hango ta a sama ka ce wata babba ce,
alhali rabinta wutsiya.
Baki ja kamar ta kwana tana cin goro,
namijin da siririn zobe a wuya,
macen ko ta kanta, ba ta damu da ado ba.
Ba ta san zuwa ita kaɗai ba.
Goma, ashirin, da ihu tun daga Haro Banda,
su ƙetaro ruwa kamar kibau,
su faɗa wa mangwaro:
wannan a gatsa a yar, wancan a gatsa a yar.
Da magariba sai dogon yaron bakin titi,
hayaƙin mota bai hana su barci.
Ƴar birni ce, duk inda ta sauka kasuwa ta ci.

Shi kuwa aku guntu ne,
dunƙule kamar hannun ɗan dambe.
Kai ruwan toka, ciki kamar an shafa masa manja,
wutsiya ƴar mitsitsiya, ka ce yadi ne ya ƙare wa tela.
Daga shi sai matarsa,
a kogon tsohon gawon da ke bayan rijiya.
Ɗa guda yake zaɓa, nunanne,
ya riƙe da ƙafa, ya ci har ƙwallo,
yana kallona da ido ɗaya
kamar ni na shigo masa gona.

Nomau yakan ce tsirya ta fi ɓarna,
amma aku ya fi rainin wayo.

Bara jikana Arzika ya ɗana danƙo,
ya kama ɗaya daga kowane gida.
Ya ce a Katako aku jika biyar ne,
tsirya da ƙyar a taya biyu.

Cikin kejin waya na ga sauran bambancin.
Tsirya ta yi ta dukan ƙarfe,
ba ci, ba sha,
har doguwar wutsiyar ta karye,
na ga ashe duk hayaniyar nan
ba ta cika tafin hannuna ba.
Kwana uku na buɗe mata, Arzika na lakwal.

Aku ya zauna.
Ya ɓare gyaɗa, ya gyara gashi, bai ce uffan ba.
Ranar ta shida, kafin gari ya waye,
ina cika buta sai na ji fito:
biyu gajeru, ɗaya dogo.
Haka Nomau ke kirana
in injin ban ruwa ya ƙi tashi.

Butar ta cika har ta zube a ƙafata.

Ko tsuntsun ne ya ɗauka daga bakinsa,
ko shi ya ara daga tsuntsun bai faɗa mini ba,
babu wanda zan tambaya.

Na kwance bakin zane, na ƙirga wa yaro jika biyar.
Ya ce, Kaka, kin sayi abin da za ki saki?
Na ce ɗauki kuɗinka.
Ƙofa a buɗe, aku bai yi gaggawa ba,
sai da ya ɗauki gyaɗa ɗaya tukuna.

Yanzu ma ina kaɗa gwangwani.
In garken tsirya ya tashi,
akwai wata mai guntun baya da ke zuwa ƙarshe,
ita ce ta fi kowa zagina.
Bishiyar gabas kuwa, mai zaƙin nan,
na daina sa ta cikin lissafi.